Babi na Shida: Listowel, Garin da Ke Karrama Marubuci Tun Yana Raye

A kudu maso yammacin ƙasar Ailan, cikin lardin Kerry, akwai wani ɗan gari a gaɓar kogin Feale mai suna Listowel. Mutanensa ba su cika dubu biyar ba. Gari ne na manoma da masu kiwon shanun madara, ga kasuwa, ga filin sukuwar dawaki da ke cika maƙil duk watan Satumba. A tsakiyar garin akwai dandali mai faɗi. Daga gefensa kufan wani tsohon gidan sarauta na dutse yana kallon kogi, a cikin dandalin kuma akwai wata tsohuwar majami'a da aka mayar gidan wasan kwaikwayo. Wanda ya ratsa garin a ranar da ba ta kasuwa ba, da wuya ya ga abin da zai tsayar da shi.

Amma duk ƙarshen watan Mayu zuwa farkon Yuni, sai garin ya sauya kama. Masaukai su cika, shagunan littattafai su yi ta ciniki, ɗakunan taro da azuzuwan makaranta su koma wuraren karatu da bita. Marubucin da aka fassara littafinsa cikin harsuna da dama sai ka gan shi a layin shayi ɗaya da yarinyar da ba ta taɓa buga ko shafi guda ba. Wannan shi ne Makon Marubuta na Listowel, wanda aka aza harsashinsa a 1970, aka yi na farko a 1971, kuma ake ɗaukarsa a matsayin bikin adabi mafi daɗewa a ƙasar.

Na zaɓi wannan gari ne, na bar Dublin da girmanta, saboda a nan aka fi ganin abin da wannan babi yake son nunawa. Ailan ƙasa ce da ta shafe shekaru masu yawa tana korar marubutanta, tana haramta littattafansu, sai bayan ƙasa ta rufe musu ido sannan ta riƙa alfahari da su. Daga baya ta gane kuskurenta, ta koyi yabon gwani tun yana da kunnen jin yabon. Yadda aka yi wannan juyi, da abin da ya haifar, shi ne labarinmu.

Mai mashaya da malamin makaranta

Ba a iya maganar Makon Marubuta ba tare da an ambaci mutum biyu daga cikin waɗanda suka kafa shi ba. Na farko shi ne John B. Keane, wanda aka haifa a Listowel a 1928. Kamar dubban samarin zamaninsa, ya tafi cin rani Ingila, ya yi aikin ƙarfi, ya dawo gida, a 1955 ya sayi wata ƙaramar mashaya a titin William. A ƙauyukan Ailan, mashaya ita ce majalisar gari: nan ake labarin farashin shanu, da rigimar gona, da wanda zai auri wa. Keane yana tsaye yana sallamar masu ciniki, kunnensa kuwa yana kwasar maganganunsu. In dare ya yi, aka watse, sai ya hau sama ya ɗauki alƙalami.

Wasansa na farko, Sive, labarin wata marainiya ce da 'yan gidansu suka haɗa baki da dillalin aure za su sayar da ita ga wani tsoho mai dukiya, har abin ya kai ta ga halaka. Ya aika da wasan zuwa Abbey, babban gidan wasan kwaikwayo na ƙasa da ke Dublin, aka dawo masa da shi. Sai 'yan wasan sa kai na garinsu suka karɓa, suka nuna shi a 1959, suka je da shi gasar ƙasa a garin Athlone, suka ciyo ta ɗaya. Abin da manyan birni suka raina, mutanen karkara suka gane kansu a ciki. A 1965 ya fito da The Field, wato fili, labarin manomin da ya yi kisan kai saboda wata 'yar gona da aka sa a gwanjo, da yadda duk ƙauye ya san wanda ya yi amma kowa ya ja bakinsa ya tsuke. An mayar da shi fim a 1990. Keane bai taɓa barin mashayarsa ba har ya rasu ranar 30 ga Mayu, 2002, daidai lokacin da garin ke karɓar baƙinsa na shekara.

Na biyun shi ne Bryan MacMahon, wanda ya rayu daga 1909 zuwa 1998. Malamin firamare ne da ya shafe fiye da shekara arba'in yana koyar da yaran Listowel, har duk garin suka koma kiransa da laƙabin da ma'anarsa ita ce Malam. Gwanin gajeren labari ne, kuma shi ya fassara tarihin rayuwar Peig Sayers, shahararriyar mai ba da labaru ta tsibiran Blasket, daga Gelik, harshen asali na ƙasar, zuwa Turanci. Ya taɓa koyarwa a jami'ar Iowa ta Amurka, inda ake zaunar da masu koyon rubutu a gyara musu aiki layi bayan layi.

Halayen waɗannan mutum biyu su suka zama halayen bikin. Daga Keane aka gaji hira da sakin jiki, babu shamaki tsakanin fitacce da ɗan koyo. Daga MacMahon aka gaji bita. Har yau ƙashin bayan Makon Marubuta shi ne waɗannan zama na kwana biyu ko uku, inda mutane ƙalilan ke kewaye ƙwararren marubuci, kowa ya karanta abin da ya rubuta, a faɗa masa inda ya yi kyau da inda ya yi sako-sako. Mai gidan gona da ya yi ritaya, da ma'aikaciyar jinya, da ɗalibi, duk kujerarsu ɗaya. Wato ba a taru don tafi kawai ba. An taru ne don a haifi marubutan gobe.

Ƙasar da ta kori 'ya'yanta

Kafin a fahimci darajar wannan taro, sai an waiwayi baya. Ailan ta daɗe da sanin zafin rabuwa. Yunwar da ta faɗa mata tsakanin 1845 da 1852, lokacin da cuta ta lalata dankali, ta kashe kimanin mutum miliyan ɗaya, wasu kimanin miliyan ɗaya suka haye teku. Tun daga nan ƙaura ta zama kamar gado. Marubuta ma ba su tsira ba. James Joyce ya bar Dublin a 1904, aka buga babban littafinsa, Ulysses, a birnin Faris a 1922, ya rasu a Zurich a 1941, gwamnatin ƙasarsa ba ta aika da wakili wajen jana'izarsa ba. Samuel Beckett, wanda ya karɓi kyautar Nobel a 1969, a Faris ya yi mafi yawan rayuwarsa, can kuma aka binne shi.

Bayan ƙasar ta fita daga hannun Birtaniya a 1922, sabbin shugabanni, da cocin Katolika mai ƙarfin faɗa a ji a lokacin, sun so su nuna wa duniya al'umma mai tsarki da ba ta da tabo. A 1929 aka kafa dokar tace littattafai, aka naɗa hukumar da ke da ikon hana sayar da duk littafin da ta ga ya saɓa wa tarbiyya. Cikin shekarun da suka biyo baya an haramta dubban littattafai, kuma da wuya ka sami fitaccen marubucin ƙasar na wancan zamani da wuƙar ba ta taɓa ba.

Misali biyu sun isa. A 1960 wata matashiya daga lardin Clare, Edna O'Brien, ta fitar da The Country Girls, labarin 'yan mata biyu na ƙauye da abin da ke cikin zukatansu. Aka haramta shi. Ita kanta ta sha ba da labarin cewa an ƙona kwafinsa a mahaifarta, kuma danginta sun ji kunyar abin da ta rubuta. A Landan ta ƙare rayuwarta. A 1965 kuma John McGahern, malamin firamare a Dublin, ya fitar da The Dark, wanda ya taɓo cin zarafin yara a cikin gida. Aka haramta littafin, aka kuma raba shi da aikinsa.

Abin da waɗannan marubuta suka yi ba ƙage ba ne. Sun faɗi abin da kowa ya sani, ba wanda ke son a faɗa. Shekaru bayan haka, binciken da gwamnati da kanta ta sa aka yi ya tabbatar da cewa abin da ke faruwa a gidajen marayu da makarantun horo ya ma fi abin da suka rubuta muni. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, amma sai da ƙasar ta yi asarar shekaru kafin ta yarda da haka.

A 1967 aka sassauta dokar, aka ce duk haramcin da ya kai shekara goma sha biyu ya faɗi da kansa. Nan take dubban littattafai suka sami 'yanci. Shekara huɗu kacal bayan wannan aka buɗe Makon Marubuta na farko. Wanda ya dubi waɗannan shekaru biyu, 1967 da 1971, zai gane cewa mutanen Listowel sun yi abin da ba a saba ba: sun gayyato marubuci ya tsaya a bainar jama'a ya karanta aikinsa da bakinsa, a ƙasar da jiya-jiya ake ƙwace littafinsa a tashar jirgin ruwa.

Yarinyar da aka kora, tsohuwar da aka karrama

Labarin Edna O'Brien shi ne ma'aunin nisan tafiyar da aka yi. A 2015 ƙungiyar Aosdána, wadda ta tara fitattun masu fasahar ƙasar, ta ba ta sarautarta mafi girma ta Saoi, wato mai hikima. Shugaban ƙasa na lokacin, Michael D. Higgins, wanda shi ma marubucin waƙoƙi ne, shi ya rataya mata abin wuyan zinariya da ke alamta sarautar. Ƙasar da ta hana a karanta ta tana gab da shekara talatin, ita ce ta durƙusa mata tana da tamanin da wani abu.

Ba ta ajiye alƙalami ba. Tana da shekara tamanin da wani abu ta yi tafiya sau biyu zuwa Nijeriya, ta zauna da matan da suka kuɓuta daga hannun Boko Haram da masu kula da su. Abin da ya tayar da ita shi ne sace 'yan matan makarantar Chibok su 276 a watan Afrilun 2014. Daga wannan tafiya ta rubuta ƙagaggen labarinta na ƙarshe, Girl, wato yarinya, wanda ya fito a 2019. Wata yarinya mai suna Maryam ce ke ba da labarin da bakinta: kamu, da wahalar daji, da gudu da jaririya a hannu, da kuma abin da ya fi ciwo, yadda ta dawo gida ta tarar ana yi mata kallon mai ɗauke da ƙazanta. A 2020 littafin ya ci kyautar ƙagaggen labarin shekara ta Makon Marubuta na Listowel.

An yi muhawara a kan ko ya dace baƙuwa ta ba da labarin da ba nata ba, kuma muhawarar tana da tushe, domin masu ciwo sun fi kowa sanin inda yake yi musu zafi. Sai dai wanda ya san tarihin matar zai gane abin da ya ja ta. Tun littafinta na farko abu ɗaya take bi: yarinyar da aka zalunta, sannan aka ɗora mata laifin zaluncin. Ta rasu a watan Yulin 2024 tana da shekara 93, aka kai gawarta gida, aka binne ta a wani tsibiri cikin tafkin Derg, kusa da inda aka haife ta.

Biki girbi ne, noma yana baya

Mutane kan yi mamakin yadda Jamhuriyar Ailan, wadda ƙidayar 2022 ta nuna mutanenta sun ɗan haura miliyan biyar, take fitar da marubuta haka. Wasu su ce baiwa ce, mutanen ƙasar masu zaƙin baki ne tun asali. Akwai gaskiya a ciki, domin al'adar mai tatsuniya da ake kira seanchaí daɗaɗɗiya ce. Amma baiwa kamar iri ce; in ba a gyara gona ba, tsuntsaye za su cinye ta. Ga wasu daga cikin kunyoyin da aka ja.

Na farko ilimi. A 1966 ministan ilimi Donogh O'Malley ya sanar da cewa karatun sakandare zai zama kyauta, aka fara a 1967, har da motocin da ke kwaso yaran karkara. 'Ya'yan ƙananan manoma da leburori, waɗanda a da suke ajiye karatu da sun gama firamare, suka sami hanya. Da yawan marubutan da ake karramawa yau su ne waɗannan yara, ko kuma 'ya'yansu.

Na biyu haraji. A 1969 ministan kuɗi Charles Haughey ya kawo dokar da ta yafe wa marubuta da sauran masu fasaha haraji a kan abin da suka samu daga aikinsu. Dokar tana nan har yau, sai dai an sa mata iyaka ta yuro 50,000 a shekara. A 1981 aka kafa Aosdána, mai mambobin da ba sa wuce 250, inda wanda samunsa ya yi ƙaranci daga cikinsu yake karɓar alawus na shekara don ya zauna ya yi aikinsa. A 2015 aka ƙirƙiro muƙamin jakadan ƙagaggun labarai na ƙasa; Anne Enright ce ta fara riƙe shi, sai Sebastian Barry, sai Colm Tóibín. A 2022 kuma gwamnati ta fara gwajin biyan masu fasaha 2,000 yuro 325 kowane mako.

Na uku, wanda ni a ganina ya fi duka muhimmanci, shi ne ƙananan mujallu da maɗaba'u. Mujallar The Stinging Fly, wadda Declan Meade yake cikin waɗanda suka kafa, ta fara fita a Dublin a 1998 da manufa ɗaya: buga sababbin marubuta. Ita ta fitar da littafin Kevin Barry na farko a 2007, da na Colin Barrett a 2013. Sally Rooney ta fara bayyana a shafukanta, daga baya ta zama editarta. A 2014 mata biyu, Lisa Coen da Sarah Davis-Goff, suka kafa maɗaba'ar Tramp, suka buga Solar Bones na Mike McCormack a 2016, littafin da aka rubuta shi kaf a jimla guda, ya je ya ciyo kyautar adabi ta Dublin. Wannan kyauta ta yuro 100,000, da aka fara bayarwa a 1996, ɗakunan karatu na ƙasashen duniya ne ke gabatar mata da sunayen littattafai.

Ita ma kyautar Listowel tana da nata asalin mai daɗin ji. Kamfanin Kerry, wanda ke ɗaukar nauyinta tun 1995, a cikin garin Listowel aka haife shi a 1972 a matsayin masana'antar sarrafa madara, kafin ya zama babban kamfanin abinci na duniya. Ke nan nonon shanun manoman da Keane ya rubuta labarinsu shi ne tushen kuɗin da ake karrama magadansa da shi.

Listowel kuma ba ita kaɗai ba ce yanzu. A watan Afrilu birnin Galway yana da bikin Cúirt, wanda ya fara a 1985 a matsayin taron mawaƙa. Sunan yana nufin fada, don tunawa da majalisun da mawaƙan Gelik ke yi a da. A Mayu akwai bikin Dublin, birnin da hukumar UNESCO ta ayyana a matsayin birnin adabi a 2010. A Yuni akwai na Dalkey, a Yuli na Bantry. Marubucin da ya fitar da sabon littafi yakan shafe bazara yana zagaya ƙasar, yana haɗuwa da masu karatunsa ido da ido.

Su wa ake tafa wa yau?

Jerin waɗanda suka ci kyautar Listowel kamar taswira ce ta adabin Ailan na yanzu. A 2014 Eimear McBride ta karɓe ta da littafin da ya yi shekara tara yana yawo kamfanonin ɗab'i suna mayar mata, har wata ƙaramar maɗaba'a a Ingila ta yi ƙundumbala ta buga. A 2016 Anne Enright. A 2018 Paul Lynch, da littafinsa Grace a kan wata yarinya a zamanin babbar yunwa. Shekara biyar bayan nan duniya ta san sunansa, lokacin da Prophet Song ya ci kyautar Booker ta 2023. Littafin yana hasashen Ailan ta faɗa hannun mulkin kama-karya, wata uwa tana fafutukar tsirar da 'ya'yanta har ta zama 'yar gudun hijira. An ba shi kyautar kwana uku bayan tarzomar ƙin baƙi da ta girgiza tsakiyar Dublin. A wannan shekara ta 2023, huɗu daga cikin littattafai goma sha uku da suka shiga zagayen farko na Booker na 'yan Ailan ne.

A 2022 Claire Keegan ce ta ci kyautar Listowel da Small Things Like These. Ɗan siririn littafi ne da ake iya karance shi a zama ɗaya. Wani mai sayar da kwal a garin New Ross, cikin sanyin Kirsimetin 1985, ya kai kaya gidan matan coci, ya tarar an kulle wata yarinya a rumfar kwal. Kowa, har matarsa, ya ce masa ya kau da kai, domin yana da 'ya'ya mata biyar kuma masu gidan suna da dogon hannu a garin. Tambayar littafin ita ce: me mutumin kirki zai yi? Gidajen wanki na Magdalene, inda ake tsare matan da suka yi ciki ba aure da wasu marasa gata suna aikin bauta, gaskiya ne ba ƙage ba. Sai a 1996 aka rufe na ƙarshe, kuma sai a 2013 firaminista Enda Kenny ya tashi a majalisa ya nemi gafarar matan a madadin ƙasa. Da a 1960 Keegan ta rubuta wannan littafi, da hukuma ta ƙwace shi. Yau ana ba ta lambar yabo, an mayar da shi fim, ana karanta shi a ko'ina.

Ga Anna Burns ta Belfast, wadda Milkman ɗinta ya ci Booker a 2018, yana nuna yadda tsegumi da tsoro ke cin rai a unguwar da rikicin Ailan ta Arewa ya dabaibaye. Ga Sally Rooney, haifaffiyar Castlebar a 1991, wadda Normal People ya sa matasan duniya ke layi a shagunan littafi, tana rubutu a kan soyayya da bambancin mai shi da maras shi. Ga Donal Ryan, wanda The Spinning Heart nasa na 2012 ya ba da muryar mutanen karkara bayan durƙushewar tattalin arzikin 2008. Salonsu ya sha bamban, amma sun haɗu a abu ɗaya: ba wanda ke yi wa ƙasarsa kirari. Kowannensu ya sa yatsa ne a inda ke ciwo. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma bikin adabi na gaskiya ranar wanka ce ga al'umma.

Inda da sauran aiki

Zai zama rashin adalci a nuna kamar komai ya daidaita. Yabo ba ya biyan kuɗin haya. A shafin godiya na Milkman, Anna Burns ta gode wa rumbun abincin sadaka da ya tallafe ta lokacin da take rubutun. Donal Ryan, bayan duk lambobin da ya samu, ya taɓa komawa aikin gwamnati don ya iya biyan bashin gida. Tsadar muhalli a Dublin tana korar matasan marubuta kamar yadda hukumar tace littattafai ta kori kakanninsu, ko da yake wannan korar ba ta da takarda.

Akwai kuma maganar harshe. Kusan duk sunayen da duniya ta sani da Turanci suke rubutu. Harshen Gelik, wanda shi ne harshen farko na ƙasa a tsarin mulki, masu magana da shi kullum a wajen makaranta kimanin 72,000 ne a ƙidayar 2022. A cikin lardin Kerry ɗin nan, an kwashe mutanen ƙarshe daga tsibiran Blasket a 1953. Duk da haka harshen bai yi shiru ba. Nuala Ní Dhomhnaill, wadda ta tashi a yankin masu Gelik na Kerry, ta zaɓi ta rubuta waƙoƙinta da shi, ta kuma yi suna har ƙasashen waje. Fim ɗin da aka yi da Gelik daga labarin Foster na Claire Keegan ya kai zagayen ƙarshe na kyautar Oscar a 2023. Bikin da ya manta da waɗannan ya karrama rabin gida ne kawai.

Sannan ita kanta kalmar ɗan Ailan tana faɗaɗa. Ƙasar da ta saba tura 'ya'yanta waje yanzu tana karɓar baƙi. Melatu Uche Okorie, haifaffiyar Enugu, ta shafe fiye da shekara takwas a masaukin masu neman mafaka, ta fito da This Hostel Life a 2018 a kan wannan rayuwa. Emma Dabiri, wadda mahaifinta ɗan Nijeriya ne, mahaifiyarta 'yar Ailan, ta rubuta yadda ta tashi a Dublin da baƙar fata. Su ma suna faɗin abin da wasu ba sa son ji, kuma yadda za a saurare su shi ne sabon gwajin da ke gaban ƙasar.

Kowace ranar 16 ga Yuni, mutanen Dublin kan sa tufafin zamanin da, su bi titunan da Joyce ya ambata a Ulysses. An fara wannan al'ada a 1954, shekara goma sha uku bayan rasuwarsa. Abu ne mai kyau, amma mai shi bai gani ba. Abin da malamin makaranta da mai mashaya da abokansu suka fara a Listowel ya fi wannan amfani, domin marubucin yana zaune a gabanka, yana jin tafinka, yana amsa tambayarka, gobe kuma zai koma ya ɗauki alƙalami da ƙarfin gwiwa.

Mai karatu, in akwai marubucin da littafinsa ya taɓa sa ka tsaya ka yi tunani, kada ka jira sai ranar ta'aziyyarsa. Sayi littafinsa da kuɗinka, ka halarci inda yake karatu, ka faɗa masa abin da aikinsa ya yi maka, ko da abin da ya rubuta ya sosa maka rai. Gari mai mutum ƙasa da dubu biyar ya yi fiye da shekara hamsin yana yin haka, kuma duniya ta ga amfanin gonarsa.